Ƙulluwar Damtsen Baba Adamu

Har yau ban manta da ranar da sakamakon gwajin Baba Adamu ya iso daga Hartum ba. Lokacin ina mataimakin likita a wani asibiti a Gadarif. Aikina in rubuta bayanin majiyyaci kafin diktor, wato likita, ya gan shi, in Bahaushe ne kuma in yi tafinta.

Baba Adamu manomi ne daga Fau. Ya fara zuwa asibitin lokacin girbin dawa, da wata ƙulluwa mai tauri a damtse, girman goro. Wani magidanci, Usmanu, ke rako shi, kullum yana tsaye bakin gado riƙe da takalman tsohon. Na bi tambayoyin takarda ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan fitsari, Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Lafiya lau, ɗana." Na rubuta na wuce. Muka ɗauka maruru ne, muka ba shi ƙwayoyi. Zuwa na biyu ma haka.

Zuwa na uku ƙulluwa ta zama uku. Diktor ya yanki kaɗan, aka aika Hartum don gwaji. Sakamako ya ce ciwon daji ne, asalinsa kuma daga mafitsara. Diktor ya ce ciwon nan in zai yaɗu, huhu yake nema, ko hanta, ko ƙashi. Shi bai taɓa ganin ya ɓullo a fata ba. Sai ya juya takardata.

"Ya Musa, ka tambaye shi fitsari kuwa?"

Na ce na tambaya, ba sau ɗaya ba.

Na bari Usmanu ya fita sayen magani, na sake tambaya. Baba ya ce shekara guda ke nan yana fitsarin jini, har da gudaji.

"Haba Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Usmanu mijin 'yata ne. A gabansa zan faɗi wannan?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Diktor ba Bahaushe ba ne, Balarabe ne, ba laifinsa. Ni da na tashi na ga ubana yana sauya hanya saboda surukarsa, ko sau ɗaya ban tambayi wane ne ɗan rakiyar ba.

Wata huɗu muka ɓata. Diktor ya ce tunda ya kai fata, ko da ba mu ɓata watannin ba da wuya ya tsira, amma da an rage masa wahala. Aka tura shi babban asibitin Madani. Bai ga damina ba.

Ku sababbin shiga wannan aiki, takarda ba ta da gurbin wannan tambaya, amma ku fara da ita: wanda ke tsaye kan majiyyaci, mene ne shi a wurinsa? In suruki ne, ku aike shi ɗebo ruwa.