Goron da ya isa Illela ran Laraba

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajewa kafin in yarda in rubuta wannan. Tsorona kada in ɗora wa mamaci laifin da ba nasa ba. Karatuna kuma bai wuce lakwal ta firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Shekarun da kamfanin siminti na Malbaza ya kama aiki sosai, ina da sabon aure, ina rubuta wa wani Alhaji, marigayi yanzu, mai kamiyo huɗu, manyan motocin kaya, takardu. Akwai wani dattijo mai garka da rijiya a bakin hanya, gadonsu ne shi da ƙannensa biyu. Alhaji na son wurin don ajiye motoci. Ƙannen sun yarda, dattijon ya ƙi, shi ne kuma babba.

Alhaji bai yi fushi ba. Ya aika masa da riga mai aiki, ya riƙa kiransa Yaya, yana zaunar da shi bisa dardumarsa, suna cin tuwo akushi ɗaya, mu kuwa muna tabarma. Mutumin da ya saba da tsugunawa a ƙofar masu kuɗi, abin ya shige shi. Har tafiyarsa ta sake.

Daga nan Alhaji ya fara aikensa, aiken girmamawa. Yakan ce wa dattijon ya je ya gaya wa direba ya bi ta Konni, in ya isar da saƙon sai Alhaji ya ce ai Tawa ya ce. Alhaji ba ya yi masa faɗa. Murmushi yake yi, ya ce girma ne ya zo, ba komai. Direbobi suka fara yi wa dattijon ba'a, suna tambayarsa ko ya tuna inda ya aje kansa yau. Ni ma na yi dariya sau ɗaya.

Sai aka yi ɗaurin auren ɗan wani abokin Alhaji a Illela. Alhaji ya wakilta dattijon, ya ba shi huhun goro. Ina zaune ina gyara takarda na ji ya ce Laraba. Dattijon ya sa rigar nan ya tafi, ya tarar an ɗaura tun Talata, an watse. Ya komo da goron a ka.

Alhaji ya kira ƙannen zaure, wai abin ya fara ba shi tsoro, ya kamata a nema wa Yaya magani. Dattijon ya juyo gare ni.

"Ɗan lakwal, kana nan. Laraba ya ce ko bai ce ba?"

Kafin in buɗa baki Alhaji ya ce, a hankali, "Yi tunani da kyau, malam. Musulmi ba ya shaidar abin da bai tabbata ba."

Ni mutum ne da nakan sake alwala sau uku don shakka, Alhaji kuma ya san haka, ya sha yi mini tsiya a kai. Na fara tambayar kaina: na ji ne, ko hankalina na kan takarda? Na ce ban tabbata ba. Dattijon bai zage ni ba. Ya kalli ƙasa, ya ce to watakila dai shi ne.

Ƙannen suka yi ta kai shi wurin masu magani. Maganar garka ta koma hannunsu, kafin damina motoci na kwana a wurin. Wata rana aka wayi gari ba shi, wasu suka ce an gan shi ya tsallaka iyaka wajen Sakkwato.

Bayan kamar shekara biyu na shiga silima a Konni. Fim ne na Faransanci, na kusa da ni suna ta taɓa ni in fassara musu. Wani mai dukiya ne ya jawo talaka jikinsa, ya ciyar da shi, sannan ya riƙa musun duk abin da ya faɗa masa, har talakan ya daina yarda da kunnensa. Ina cikin fassara bakina ya mutu. Wani ya ce Faransancin ɗan lakwal ya ƙare, aka yi dariya. Sai ranar na gane ba dattijon kaɗai aka yi wa aikin ba, har da ni. Watan bai ƙare ba na bar aikin Alhaji, na ce masa idona ke ciwo. Wannan ma ƙarya ce, tana damuna.

Na san dattijon ba ya duniya yanzu. Amma ya bar 'ya'ya mata biyu, na ji an aurar da ɗaya wajen Bazaga. Jikokinsa sun tashi suna jin kakansu ya taɓu. Duk wanda ya san zuriyar mai garkar bakin hanya ta Malbaza, ko inda aka rufe shi, don Allah ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan. Ina so in gaya musu da bakina cewa hankalinsa ƙalau yake, kuma ni na ji abin da aka ce masa.