Tsakuwa Bakwai a Tiren Wake

Gidanmu na unguwar Nima gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da famfo guda. Da an sallame magariba, Kaka takan hura murhun da ke ƙofar ɗakinta, ta ɗora tukunyar waken da za ta sayar da safe a bakin titin Maamobi. Wake da shinkafarta ya yi suna har Alajo, don ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a ciki. Kafin tukunya ta tafasa ne take mana tatsuniya. Ina aji huɗu lokacin, ba na iya haɗa ido da mutum, saboda haka wurin zamana kullum bayan turmi ne. Daga nan ina ganin kowa, ba mai lura da ni.

Kawu Sule shi ne autan Kaka. Da rana yana gyaran mota a Abossey Okai, da yamma yana damben zamani a Bukom, shi kaɗai ɗan Zango cikin samarin ƙabilar Ga. Ƙarfi dai yana da shi. Matsalarsa kunne. 'Yan kallo sun gano cewa da sun yi masa ihu, "Ɗan mai wake, koma ka yi wa mamanka talla," zai manta duk abin da aka koya masa. A wani wasa ya fusata ya kai wa abokin karawarsa karo da ka, alƙali ya fitar da shi, shi kuma ya je ya naushi bango har hannun damansa ya kumbura. Dattijon da ke horar da su ya ce ya je ya yi jinya, akwai wasa bayan mako shida, kuma in ya sake irin wannan kada ya ƙara taka masa fili.

Kwana uku da yin haka Kawu ya nufi buhun yashin da ya rataye a bayan gida don koyon naushi. Ya tarar Kaka ta sa an kwance shi.

"Mma, ina buhuna?"

"Hannun nan ni na haife shi, ba buhu ba. Zo nan."

Ta gasa masa hannun da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, sannan ta ɗora masa tiren waken gobe a cinya.

"Mma, ni fa ɗan dambe ne."

"Ɗan dambe ba ya cin wake? Miƙe bayanka. Da hagu za ka tsinta."

Anti Fati mai koko, maƙwabciyarmu, ba ta bari ya wuce ba. "Kai, zakara! Yau kai da wake ne a fili? Wa ke kan gaba?" Yara suka fashe da dariya. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi. Kaka, wadda ba ta yarda a taɓa autanta, ta ci gaba da hura wutarta kamar ba ta ji ba.

Akwai abin da ni kaɗai na gani. Kafin ta miƙa tiren, Kaka ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta zuba wani abu cikin waken, ta juya da tafin hannu. Sai a rana ta uku na iya ƙirgawa: ƙananan tsakuwa bakwai, masu launin wake. Ranar farko biyu kacal Kawu ya fitar. Ta duba, ta ce, "Saura," ta karɓi tiren ta ƙarasa da kanta.

A yammacin ne da lokacin tatsuniya ya yi ta ce, "Ga wata nan tafe, ku buɗe mata hanya." Muka ce, "Ta shigo, Kaka."

Wai an yi wani ɗan kokawa a wani gari na bakin kogi, wanda bayansa bai taɓa shan ƙasa ba, sai da makaɗan abokan gaba suka gane cewa in an zage shi yakan waiga. Daga nan ko yaro kayar da shi yake. Ya tafi bakin kogi yana kuka, sai ya ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwa, kwaɗi sun kewaye shi suna ta yi masa tsiya: mai ƙafar kara, mai wuyan igiya. Zalɓe ko motsi. Can sai ya sunkuya ya fito da kifi. Ɗan kokawa ya ce, "Ba ka ji abin da suke ce maka ba?" Nan Kaka takan ja wuyanta sama, ta lumshe ido, ta yi muryar zalɓe: "Ɗan samari, ni kifi na zo kamawa. Kwaɗi kuwa aikinsu suke yi." Ya koya masa tsayuwa da ƙafa ɗaya, ya shaƙi iska a hankali har cikinsa ya cika, ya sake ta a hankali, idonsa a wuri guda. Sai da ya iya tsayawa daga hantsi zuwa azahar cikin ihun kwaɗi, sannan ya koma fage.

"Ya ci, Kaka?" in ji wani yaro.

"Bai waiga ba dai. Nan ta tsaya, tukunya ma ta tafasa."

Duk yaran gidan suka miƙe da ƙafa ɗaya suna faɗuwa. Kawu ya yi tsaki. Amma bayan 'yan kwanaki, da na fito ɗibar ruwa kafin makaranta, na hango shi a inda buhun yake a da, ƙafa ɗaya a sama, ido a kan wata ƙusa a bango, ƙirjinsa na hawa yana sauka sannu-sannu.

Tsakuwar da yake fitarwa ta koma huɗu, ta koma biyar. Kumburi ya sace. Anti Fati ta ƙara wuta, har waƙa ta yi masa. Sau ɗaya tausayi ya kama ni, na buɗe baki zan gaya masa adadin. Kaka ta kalle ni.

"Memuna, kin ga wani abu ne?"

"A'a, Kaka."

"Yauwa."

Ana gobe wasa, Anti Fati ta tsaya a kansa tana kwaikwayon 'yan kallon Bukom, kalma da kalma. Kawu bai ɗago ba. Da ya gama ya jera tsakuwar a kan tabarma. Na ƙirga daga bayan turmi: takwas. Kaka ta ɗauki ɗaya ta juya ta a hasken wuta, ta yi dariya har da hawaye.

"Wannan ta mai gona ce. Nawa bakwai ne."

Kawu ya buɗe baki yana kallonta, sannan shi ma ya sa dariya.

Ba a zuwa da 'yan mata kallon dambe, don haka a gida na jira. Ya shigo dab da isha'i, leɓensa a fashe. Bai ci wasan ba, da maki aka rinjaye shi, amma ya kai ƙarshen zagaye na ƙarshe, kuma dattijon ya ce ya zo ranar Litinin. Kaka ba ta tambayi wanda ya ci ba.

"Me suka ce maka yau?"

Ya ɗan yi tunani. "Wallahi, Mma, ban ji ba."

Yanzu 'yata tana yi wa makarantarsu wasan tsere. Kwanaki ta shimfiɗa tabarmar roba a falo, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana jan numfashi, ta ce mini wannan yoga ne, malamarsu ta ce yana hutar da jiki, yana tara hankali. Na ce mata na san wanda ya fara koya mini shi, zalɓe ne. Da ina yarinya na ɗauka shiru kawai ake nufi, na ce ai ni na riga na iya. Sai da na girma na gane bambancin: ni ina shiru ne don ina jin kowa, Kawu kuwa ya koyi yin shiru don akwai abin da ya zo nema. Har yau, in zan tashi magana gaban jama'a, nakan ja numfashi, in tambayi kaina tsakuwa nawa suka rage a tiren.