Akwatin Rabon Kawu Sale

Duk kun san Kawu Sale bai iya i ko a'a ba. Ka ce, "Kawu, ka ci abinci?" ya ce, "Sifili." "Za ka ci?" "Ɗaya!" Wai kwamfuta ma iyakar abin da ta sani ke nan, ta kuma fi mu hankali.

Da ya bar gyaran rediyo a kasuwar Gwaram sai ya tare a ɗaki yana haɗa wani akwati mai wayoyi da ƙananan ƙwayayen fitila. Wai a lissafi rabawa ce ta fi ba kwamfuta wahala, shi zai koya mata sauri. Ni firamare na tsaya. Abin da na gani, akwatin yana ƙas-ƙas, yana warin ƙonanniyar roba, ranar nan har ya babbake masa gefen gemu. Ya shafa ya ce, "Na huta da wanzami."

Ya taɓa yi wa Inna, yayarsa, bayani: "A da, in ya ɗebe ya zarce, sai ya mayar. Yanzu ba ya komawa baya, a gaba yake gyarawa." Inna ta ce, "Halinka ka zuba masa ke nan!"

Shekarar da mijina ya tafi cirani na dawo gida da 'yata Ummi, sai ta fara rarrafe. Wayyo ni! Ko tuwo nake tuƙawa, idona na ƙofar Kawu. A shekarar kuma akwatin ya koyi nawa, ya daina sauri. Da layya aka ce ya raba tsoka goma sha uku gida uku. Muka jira har ƙudaje suka gama taruwa, Inna ta raba da hannu, sannan ƙwan fitila ɗaya ya kama, biyu a mace. Kawu ya duba ya ce, "Huɗu-huɗu! Saura ɗaya, ta injiniya ce." Ya ɗauke abarsa.

Wata hantsi na waiga, babu Ummi. Na same ta a ɗakinsa, jar waya a baki, tana tsotsa. Ihun da na yi har maƙwabta suka shigo. Kawu ko motsi bai yi ba. "Sifili, 'yar nan, sifili!" Na saɓe ta sai asibitin Birnin Kudu, ƙafata ba takalmi. Aka ce lafiyarta ƙalau. Daga nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi, har ya rasu.

Bayan sadakar bakwai abokinsa Malam Iro ya buɗe akwatin, sai ya riƙe baki. "Batirin tocila! Ina zai yi sauri? Tun yaushe ya cire shi daga wuta?"

Inna ta ce, "Tun ranar da Ummi ta fara rarrafe. Ya hana ni faɗa, wai kada a ce injiniya ya ji tsoro."

Kawu, ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya tsare ka yadda ka tsare mini Ummi.