Ranar da Na Yi Wa Inna Tafinta

Wasu shekarun baya, ina karatu a Kaura Namoda, na ɗora wa kaina koyon Faransanci. Komai ya tafi daidai, ban da 'yan ƙananan kalmomin nan na wuri da lokaci. Depuis da pendant kaɗai sun ishe ni ciwon kai: ɗaya “tun yaushe”, ɗaya “tsawon wane lokaci”, ni kuwa kullum sai na musanya su. Duk da haka, in na je gida Shinkafi, sai in riƙa hura hanci kamar a Faransa aka yanke mini cibiya.

Sai mahaifiyata ta fara ramewa. Kawuna ya ce a kai ta wani asibiti a Maraɗi, ni zan raka ta tunda na ji yaren.

Likitar da muka samu baƙuwa ce, ba ta jin Hausa. Ta tambayi inda ke ciwo, da tun yaushe. Na fassara tsaf, har ina jin daɗin kaina. Inna ta sunkuyar da kai ta ce jiki ne kawai. Aka sake tambaya, ta ce da sauƙi.

A nan na tuna ni ne ɗan fari. Matar da ko sunana ba ta faɗa, ta yaya za ta buɗe mini ciwon jikinta? Tsoro ya kama ni, don na san in muka koma haka, ba za ta yarda a sake kawo ta ba.

Na ɗauki kujerata na juya, na fuskanci bango. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa, kamar da wani take magana:

“A hwaɗa ma likita, wani ƙullutu na ƙarƙashin hammata. Tun damanar bara waccan shina nan.”

Damana biyu tana daka mini fura in na zo hutu, da wannan hannun. Na fassara ina kallon bango, hawaye na zuba.

An yi aiki, ta warke, alhamdulillahi. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, amma har yau abin yana sosa mini rai. Yanzu in na gaishe ta da jiki ta ce da sauƙi, ba na tashi. Sai in juya mata baya, in zauna, in jira.