Surukina da Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa

Ni dai ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba, ko na saman ƙasar ma, amma akwai shekarar da duk tashar Gwarzo babu wanda ya kai ni zaƙewa a kan lallai sai an haƙa wa Kano jirgin ƙarƙashin ƙasa. Surukina ne ya jawo mini, shi kuwa bawan Allah bai ma san yana yi ba.

Lokacin ina aiki a wani ofis a Kano, iyalina suna Gwarzo. Da can a birni nake kwana sai ƙarshen mako. To sai matata ta samu cikin fari, laulayi ya sa ta gaba, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Dole na koma yin sammako kullum in dawo da yamma. Hanyar kuwa ta garinsu ta bi, can wajen Kabo, kuma mahaifinta yana da benci a gindin wata darbejiya a bakin titi, inda yake zama tun rana ba ta yi zafi ba.

Ita ce 'yarsa ta fari, shi kuma mutumin da ne na gaske. Ba ya faɗin sunanta, ba ya kiran ta a waya, gidana kuwa tun da aka kai ta bai taɓa taka ƙofarsa ba. Labarin laulayin a bakin mata ya tsince shi, amma ko za a yanka shi ba zai tambaye ni ba. Duk abin da zai sani game da lafiyar 'yarsa a jikina yake karanta shi, a ɗan lokacin da nake durƙushe a gabansa. In ya ga kular abinci a hannuna, ta tashi ta yi girki ke nan, sai fuskarsa ta sake. In ya gan ni hannu na dukan cinya, ranar gaisuwa ba ta ƙarewa. Sai ya tambayi akuyar gidana, ya tambayi rufin ɗaki ko yana yoyo, ya tambayi limamin unguwarmu da bai taɓa gani ba. Can a ƙarshe, yana kallon yatsun ƙafarsa, zai ce ina mutanen gidan. In ce lafiya ƙalau, ya dube ni ya ga ko da gaske nake.

Direban da na saba bi wani mutumin Kara ne mai tumbi da baki, wanda in bai tsokani mutum ba abinci ba ya yi masa daɗi. Ba sai na ce ya tsaya ba. Yana hango darbejiyar zai taka birki ya ce, "Ango, ga Baba." In sauka, in tuɓe takalmi tun daga bakin kwalta, in je in tsuguna. Kafin in gama, wannan Hajiya ta aika a sayo mata ƙosai, wancan ya tafi kama ruwa, wani ya gano ɗan uwansa a tsallaken titi. Kafin a tattaro mutane rana ta take. Mu isa Kabuga daidai lokacin da masu adaidaita sahu suka cakuɗe da manyan motoci, kowa na danna ham kamar ham ɗin ne zai ɗaga na gabansa. In shiga ofis ina gumi, maigidana ya dubi agogon bango, ya dube ni, ya sake duban agogon. Na taɓa roƙon direban ya wuce sau ɗaya kawai, in ya so in gaida Baba da yamma. Ya ce shi ba za a haɗa baki da shi a wuce dattijo ba, yana da 'ya'ya mata.

Ana cikin haka wani abokin aikina ya nuna mini bidiyo a wayarsa, na jirgin wata ƙasa da ke tafiya a cikin rami. Ƙofa ta buɗe da kanta, mutane su shiga, ta rufe, ya cilla. Ba mai ƙosai, ba mai kama ruwa, ba direban da zai tsaya don ya ga dama. Abin da ya fi tafiya da ni taga ce: in ka leƙa babu abin gani sai bango.

Tun daga ranar na zama mai wa'azin jirgi a cikin mota. Wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, da muke yawan haɗuwa a kujerar gaba, shi ne babban abokin gardamata. A cewarsa wanda duk ya ce Kano ƙaramin gari ne sai sun yi shari'a, amma duk da haka ba ta kai girman da mutum zai shiga rami dominta ba. A gyara tituna, a zuba manyan bas, a kori masu kasa kaya a tsakiyar hanya, magana ta ƙare. Hajiyar ƙosai ta tambaya in aka ɗauke wuta ana can ciki fa, ko kuma damina ta yi ƙarfi ramin ya cika. Wani malamin makarantar allo da ke baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya yi gyaran murya ya ce shi a saninsa kowa zai shiga ƙarƙashin ƙasa, bai ga dalilin gaggawa ba, har da biyan kuɗin mota.

Ni kuwa ina da saurin hawa. Na ce da irin wannan tunanin ne muke nan jiya-i-yau, garin da mutum zai yi rabin safiyarsa tsakanin Kabuga da ofis ai ya wuce a lallaɓa shi da bas. Garin zafin gardama sai layin jirgina ya riƙa tsawo. Yau ya tsaya a Rijiyar Zaki, gobe ya kai Janguza, jibi ya wuce Rimin Gado, kafin mako ya zagayo na dire shi a tsakiyar Gwarzo. Direban ya dube ni ta madubi ya ce, wato dai ta ƙarƙashin darbejiya zai bi. Motar ta kwashe da dariya, har malamin.

Wata safiya na fito ba kula, ga makara, ga matata na baro ta kwance. Ina tsugune Baba ya kai kan tambayar rufin ɗaki, sai shegen direban nan ya zuro kai ta taga ya ce, ko Baba ya ji surukinsa zai kawo jirgin da zai riƙa wucewa ta ƙarƙashin bencin nan? Na ji kamar in nutse. Baba bai yi dariya ba. Ya sa na yi masa bayani, na yi a gurguje ina kallon ƙasa.

"Na ciki yana ganin waje?" in ji shi.

Na ce a'a, Baba.

"Na sama fa, yana sanin an wuce?"

Na ce ba ya sani.

Sai ya tambayi yaushe za a fara. Kafin in buɗe baki in ce hira ce kawai ta cikin mota, direban ya ce ai an kusa, surukinsa ne ma shugaban kwamiti. Baba ya ce Allah ya sa alheri, ya sallame ni. Ranar ko mutanen gidan bai tambaya ba. Daga nan har Kabuga ina zazzaga wa direban masifa, yana ta dariya yana dukan sitiyari.

Ranar Asabar da hantsi maƙwabcina ya yi sallama, ya ce ga wani dattijo can a inuwar masallaci tun ɗazu, wai irin gyaɗa yake nema, amma duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi wanne ne gidan malamin da ke aiki a Kano. Na fita sai ga Baba, da babbar rigarsa ta Juma'a da lema a hammata. Ya ce wucewa yake yi. Ya miƙo mini ƙullin tsamiya da ɗanyen mangwaro ya ce a ba yara, alhali gidan babu yaro ko ɗaya.

Da ƙyar da roƙo na shigar da shi zaure. Na shimfiɗa tabarma, na shiga na gaya wa matata. Wadda ta kwana biyu ba ta iya zama, sai ga ta ta miƙe, ta yafa mayafi, ta taho tana dafa bango. Ta durƙusa a bakin ƙofar ciki ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon azarar rufi kamar shi aka kira ya duba ta. Sau ɗaya tak ya sauke ido a kanta, ya ga yadda ta rame, na ga hannunsa ya damƙe lemar. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Sai ya juyo gare ni, tana nan durƙushe kusa da shi, ya ce, "Malam, ka gaya wa mutanen gidan su riƙa cin abinci ko ba daɗi."

Ta sunkuyar da kai, ta ce da ni, "Ka ce masa to."

Na gaya masa. Ya ce madalla, ya miƙe. Ko ruwan da aka kawo bai sha ba.

Na raka shi tasha. A hanya na yi ta ƙoƙarin warware zancen, na ce babu wani kwamiti, babu wanda ya sari ƙasa, ko a cikin Kanon ma ba a gama gardamar ana buƙatarsa ko ba a buƙata ba, balle Gwarzo. Ya saurare ni har na gama. Sai da ya zauna a mota ya gyara rigarsa, sannan ya ce, "In ma sun haƙa, Malam, ka hau abinka kada ka makara. Ai yanzu na ga gidan."