Ƙafar Kaka da Kasat ɗin Tubala

Shekarar da igiyar akuya ta harɗe Kaka ta karye a ƙafa, ni aka bar wa jinyarta a gidanmu na Gangara. Maɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce kada ta kuskura ta taka sai ya dawo ya kwance, in ba haka ba ƙashin zai kama a karkace. Ni kuwa ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa ta. Maganar nan ta hana ni sakat.

Kaka ba ta san zama ba. Abin da ya zaunar da ita wata tsohuwar na'urar wasa ce da yayana ya sayo a Nijeriya tun muna lakol, wato makarantar boko. Na jona ta da ƙaramar tele da batirin sola, na soka kasat ɗin wasan da tubala ke faɗowa ana jera su. Da fari ta ce shirme ne. Daga baya har furarta sai ta tsinke ba ta waiwaye ta ba.

Ana gobe kasuwa, tele ta ƙi nuna komai sai layuka masu rawa.

"Maigida, kayanka sun mutu," in ji ta. Haka take kirana in tana jin tsokana. "Miƙo mini sandata. Ina da daddawar da zan kai kasuwa gobe."

Na ɗauki kasat, na haɗa da sandar, na hau kabu-kabu sai Gazawa wurin mai gyaran rediyo.

Ya leƙa bakin kasat ɗin ya tuntsire da dariya. "Wa ke cin goro a gidanku?"

Ashe Kaka ta ga ina hura kasat in ya ƙi kamawa, ita ma ta riƙa hurawa, da goro cike da baki. Haƙoran tagullan da ke bakin kasat ɗin duk sun yi ja. Ya ce hurawar ma ɓarna ce, damshin baki ke cinye su. Ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma a alkol, ya goge a hankali.

"Alkol?" na ce. "Da hannun da zan yi alwala?"

"Malam, sha na ce ka yi? Na farmasi ne. Ka je ka goge ramin na'urar haka, ka bari ya bushe."

Na iske Kaka ta ja jiki har bakin gado, muciya a hannu, tana gwada ƙarfinta a ƙasa.

"Ɓarawon sanda ya dawo!"

"Kaka, don Allah ki ba ni kafin la'asar."

"In ta ƙi, na sake ka, na auri maɗori."

Na cire batir, na goge ramin. Ina tsoron na jiƙa da yawa, ina tsoron ban jiƙa ba. Na jira ya bushe, na ƙara jira, tana ta yi mini waƙar rago. Na soka kasat na kunna. Tubali na fari ya sauko.

"Matsa, ƙaton kanka ya tare mini tele."

Na je na wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, sannan na kai wa maƙwabciya daddawar ta sayar mata.

Ranar da maɗori ya kwance karare, ya shafa ƙaurin ya ce ya miƙe sambal, ta tashi ta taka mu gani. Ni har da ƙwalla. Kaka ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ku dakata," ta ce. "Dogon tubalin nan nake jira ya faɗo."