Uwar da Ke Neman Ɗanta a Rediyo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2008, mako biyu bayan ƙaramar salla, ina tsaye a kasuwar Canaan da ke birnin Guangzhou aka bugo mini waya daga Maraɗi cewa Allah ya yi wa Hajiya Fasuma rasuwa. Na zauna a kan dilar kayan mutane.

Hajiya, shekara huɗu ke nan da kika tsince ni a Guangzhou, ni Rekiya, 'yar Kano mai rawar kai, ko gaisuwar Sinanci ban iya ba. Ke kika koya mini sansana jaka in bambance fata da roba. Ke kika ce in mai shago ya ce "meyo", wato babu, in zauna in sha shayinsa, kaya za su fito. Da zazzaɓi ya kayar da ni, kwana tara kina dama mini kunu da gyaɗar da kika zo da ita daga gida.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai game da ke. Duk Lahadi bayan la'asar, muna cikin mota muna dawowa daga Shiling, garin jakunkuna, sai ki fito da ɗan rediyonki ki kamo wata tashar Hong Kong. Awa guda ana sa wani irin kiɗan jaz marar amshi, marar waƙa. Mai busa na tsala ihu, mai ganga na tafiyarsa daban, mai fiyano kamar an watsar da kwanuka. Ran farko na rantse rediyon ne ya lalace, har na ce ki ba ni in mayar wa mai shi.

Kika yi dariya kika ce, "Ɗiyata, lahiya lau shike. Ba su shirya komi ba, nan take suke yin shi, kowa na sauraren ɗan'uwanshi. Ke dai da kike jin Turanci, faɗa mini sunayen da mutumen nan yake kira."

Wata shida ina maimaita miki sunayen makaɗa ban san dalili ba, sai wata rana kika gaya mini. Kina da ɗa namiji guda, Issa, wanda ya koyi busa saksofon, wato ƙahon ƙarfe irin na Turawa, a Yamai. Shekara goma sha biyu da suka wuce kika ce masa in ya fita da ƙarfen nan kada ya dawo miki gida. Ya fita, ya kuma riƙe maganar. Labarinsa na ƙarshe da kika samu shi ne yana Turai yana busa irin wannan. Sunansa kike jira a kira.

Abin da ya fi burge ni shi ne, garin neman ɗanki kika koyi jin kiɗan da kika kore shi dominsa. Mace mai carbi a hannu, wadda ba ta yi boko ba, ta fi ni kunne nesa ba kusa ba. Kikan ce wannan mai gangar mai haƙuri ne, wancan mai busar bai bar kowa ya yi magana ba. Kin taɓa ce mini da kin zauna kin saurari Issa ko sau ɗaya haka, da ba a kai nan ba. Ban taɓa ganin babba ya amsa kuskurensa a fili irin haka ba.

Da wasannin Olamfik suka matso, biza ta yi wuya, aka ƙi sabunta taki. A watan Yuli kika koma Maraɗi, kika bar mini rediyon da amanar in ci gaba da sauraro. Duk Litinin ina kiranki in ce ba a kira sunan Issa ba, ki ce, "Sai wata Lahadi."

Yau dole in faɗi gaskiya. Lahadi biyu na shagala a Xintang wajen sayen wandunan jins, ban kunna ba, kuma na ce miki ba a kira shi ba. Ban sani ba ko a ɗayansu ne aka kira. Wannan abu yana ci na, Hajiya, kuma yanzu ba ni da inda zan nemi afuwarki.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Zeinabou da Barira, da 'yan'uwa na Maraɗi da Yamai da ke nan tare da mu. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Saura kai, Issa. Duk wanda ya san inda kake, don Allah ya isar maka da wannan. A wayarmu ta ƙarshe da mahaifiyarka, muryarta da ƙyar take fita, ta ce, "In kin same shi, ki ce mishi na yahe tun tuni. Ki ce shi ma shi yahe mini." Ni ce shaida. Ta sauke nata, naka ya rage.